Ba kullum netwok ɗinku ne mai laifi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman ku da kuke kwana kan gem na onlayin, da fatan kowa yana lafiya.

Saƙon da ya fi yawa a cikin waɗanda kuke turo min tunda na zo ƙasar nan shi ne "kai ka huta, yanzu babu lag babu yankewa." Lag dai shi ne jinkirin da wasa yake yi kafin ya amsa abin da ka danna. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku a dunƙule, domin maganar ba haka take ba, kuma wannan tunanin yana sa da yawanku kuna kashe kuɗi da ɓata rai a inda bai kamata ba. Eh, intanet ɗin da nake da shi a nan faiba ne, waya ce ta shigo har ɗaki, fing ɗina, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je saba (kwamfutar kamfanin gem) ya dawo, ƙasa yake sosai tunda sabar tana kusa. Amma wallahi har yanzu ana fitar da ni daga wasa ana tsaka da fafatawa, har yanzu ina zama a layi ina kallon lambar da bata motsi, kuma waɗanda aka haifa a nan su ma ihunsu ɗaya da naku. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, mutum ya canza sim, ya canza waya, ya sayi sabuwar rauta (na'urar raba intanet a gida), ya zagi kamfanin layinsa har ya gaji, alhali matsalar tana can cikin kwamfutocin kamfanin gem ɗin, inda babu abin da hannunsa zai iya kaiwa.

Bari in fara da abin da yake gaskiya a ɓangarenku, don kada a ce na raina wahalar nisa. Duk abin da ka danna a wasa sai ya tafi saba, wato babbar kwamfutar kamfani da take riƙe da wasan, ta duba sannan ta dawo maka da amsa. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 ne a sakan ɗaya, kenan duk kilomita 1,000 tsakaninka da saba zai ci maka milisakan 10 zuwa da dawowa, ko da komai lafiya lau yake. In sabar tana nisan kilomita 5,000 to ka riga ka yi asarar milisakan 50 tun kafin a lissafa kwane-kwanen hanya da na'urorin da saƙon zai bi ta cikinsu. Wannan babu bandir ɗin data da zai gyara shi, babu afilikeshin "mai rage fing" da zai sa haske ya ƙara gudu. Amma ko a nan ɗin ma ku lura, wa ya zaɓi inda za a ajiye sabar? Kamfani ne ya zauna ya duba inda masu biyan kuɗi suka fi yawa ya kai injinansa can, sauran jama'a kuma su yi haƙuri.

To ni da nisa ba matsalata ba ce, me nake gani? Ga misali ɗaya, ba zan kira sunan gem ɗin ba. Zagaye na ƙarshe ne, mu biyu muka rage ni da abokina, na ruga zan shige bayan katanga, na gani da idona na shige, har na fara canza harsashi, sai kawai aka fizgo ni baya aka dawo da ni tsakiyar fili kamar ban taɓa motsawa ba, kafin in ankara an kashe ni. Na kalli gefen allo fing yana nan kore shar. Abokina ya ce shi ma ƙofar da ya buɗe ta rufe kanta ta sake buɗewa, ɗaya daga cikin abokan karawarmu ya rubuto a cat cewa shi ma hakan take a wajensa. Mutum goma a garuruwa daban daban da layukan intanet daban daban, duk abu ɗaya a lokaci ɗaya, wannan ai ba sai an kira masani ba, saba ce ta kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora mata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da aka gama aka zabtare min maki a ranki kamar ni ne na yi sakaci, wani kuma da sabar ta yanke shi gaba ɗaya aka ba shi horon hana shiga wasa na ɗan lokaci wai ya gudu ya bar tawaga. Haba jama'a.

Saba ita ce alƙalin wasa, abin da ta ce ya faru shi ne ya faru, ba abin da idonka ya gani a allonka ba. Kuma ba kallon wasan take yi babu ƙyaftawa ba, tana lissafa halin da ake ciki ne sau kaza a cikin sakan ɗaya, shi ne 'yan gem suke kira tik. A zamanin gem ɗin CS:GO sabobin kamfanin Valve na wasan ranki 64 suke yi a sakan, shi ya sa manyan 'yan wasa da yawa suka koma FACEIT, dandalin wani kamfani daban mai nasa sabobin masu 128. Valorant da Riot suka fitar a 2020 da 128 ɗin suka yi talla, har suka ce burinsu kashi 70 cikin 100 na 'yan wasa su samu fing ƙasa da milisakan 35. Apex Legends kuwa 20 ne, wato sai bayan kowane milisakan 50 take sake duba duniya, kuma a 2021 Respawn, kamfanin da ya yi shi, sun yi dogon rubutu suna kare hakan, suna cewa ƙara shi zai ninka aikin injina da yawan data amma ribar da ɗan wasa zai gani kaɗan ce. Ko ka yarda da su ko kar ka yarda, ni dai na yaba da suka fito suka yi bayani, kuma bayanin nasu ya nuna abin da nake faɗa, yawan tik kuɗi ne, kowane ƙari sai an biya wutar lantarki da hayar injin, wani ne a ofis yake yanke shawarar iya inda za a tsaya.

Akwai kuma wani abu da yake haɗa faɗa tsakanin 'yan wasa su kansu. Don kada mai nisa ya kasa harbin kowa, sabar tana ajiye tarihin inda kowa yake na ɗan gajeren lokaci, in ka yi harbi sai ta koma baya ta duba abin da kai ka gani a lokacin da ka danna. Sakamakon shi ne wanda yake kusa da saba wani lokaci harsashi zai same shi bayan ya riga ya ɓuya, sai ya hau zagin masu babban fing wai su suke lalata wasa su koma yankinsu. Na sha jin wannan maganar a nan kuma tana min ciwo, don na san wa ake nufi, mutanen da babu wanda ya ba su wata saba kusa da su ballantana su zaɓa.

Ranar fitowar sabon gem kuwa ba a magana. Tun Mayun 2012 da Diablo III ya fito mutane suka kwana suna kallon saƙon gazawar shiga mai suna Error 37, har wanda yake so ya buga shi kaɗai ma ba dama, don an ɗaure wasan da saba dole. A Maris na 2013 SimCity ya maimaita, gem ɗin gina gari da mutum zai iya yi shi kaɗai a ɗakinsa amma sai da intanet, sabobin suka durƙushe har EA suka kashe wasu sassan wasan don rage nauyi suka kuma ba mutane gem kyauta na ban haƙuri, sai bayan shekara guda aka sako hanyar buga shi ba intanet. Shekara goma bayan nan tsugune bata ƙare ba, Overwatch 2 a Oktoban 2022 dogon layi ga kuma harin DDoS, wato a turo wa saba tarin saƙonnin banza daga dubban na'urori har ta shaƙe, irin wanda Lizard Squad suka yi wa PlayStation Network da Xbox Live ranar Kirsimetin 2014.

Gaskiya ba kowane lokaci rowa ce ba, wannan ma sai an faɗa. Helldivers 2 ya fito a Fabrairun 2024, kamfanin Arrowhead na ƙasar Suwidin basu taɓa zaton jama'ar da za ta zo ba, har suka ƙayyade mutum 450,000 ne kawai za su iya shiga a lokaci guda. Mutane suka riƙa barin gem ɗin a kunne suna tafiya barci don kada su rasa gurbinsu, sai da aka sako tsarin da yake korar wanda ya yi minti 15 bai motsa ba. Shugabansu na lokacin Johan Pilestedt ya bayyana cewa ba maganar sayen ƙarin injina ba ce, manhajar da take bayan wasan ce ta kai iyakarta sai an zauna an gyara ta da hannu, ya kuma shawarci masu niyyar saye da su dakata har abubuwa su daidaita. Haka Final Fantasy XIV a Disambar 2021 lokacin Endwalker, layi ya yi tsawo mutum ya jira sa'o'i sai Error 2002 ta jefo shi waje ya sake bin layi daga farko, ga ƙarancin cif na kwamfuta a duniya ya hana su samun sabbin injina da wuri. Me Square Enix suka yi? Naoki Yoshida, daraktan gem ɗin, ya fito ya ba da haƙuri, aka ba masu biyan kuɗin wata kwana 21 kyauta, sannan suka dakatar da sayar da gem ɗin gaba ɗaya har zuwa ƙarshen Janairun 2022. Kamfani ya ƙi karɓar kuɗin sabon mutum saboda bai gama sauke haƙƙin na ciki ba, ni a wajena wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna sauran da shi.

Don abin da yake kashe wa ɗan wasa gwiwa ba lalacewar ba ce kawai, inji ne dole wata rana ya tsaya, shirun ne da rainin hankali. Ka kai ƙorafi a ce maka ka kashe rautarka ka kunna, ka goge gem ka sake saukewa, mai ƙaramin data ya je ya ƙone gigabait masu yawa a banza, alhali sun san daga wajensu ne. Shagon sayar da kaya na cikin gem kuma yana aiki sumul ko da wasan kansa ya ƙi shiga. Da Roblox ya mutu na awa 73 a ƙarshen Oktoban 2021 daga baya sun fitar da cikakken bayani dalla dalla na abin da ya lalace a cikin tsarinsu. Da PlayStation Network ya ɗauke kusan kwana guda a Fabrairun 2025, Sony matsalar gudanarwa kawai suka kira ta, suka ƙara wa masu PlayStation Plus kwana 5, shikenan. Mutanen da suke biya duk wata don kawai a bar su su yi wasa da juna sun cancanci fiye da jimla ɗaya.

Sai kuma mafi muni, ranar da aka kashe sabar gaba ɗaya. The Crew na Ubisoft ya fito a 2014, ranar 31 ga Maris 2024 aka rufe sabobinsa, duk wanda ya saya da kuɗinsa har mai faifai a hannu ya wayi gari da abin da baya buɗewa. Daga nan Ross Scott, wani mai yin bidiyo a YouTube, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem, kuma a 2025 takardar koken da aka shigar a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari, ba cewa ake kamfani ya riƙe saba har abada ba, cewa ake in za ku tafi ku bar wa mutane hanyar da za su ci gaba da buga abin da suka saya.

To ƙannena dan Allah kafin ku sake jefar da fad ɗin buga gem ko ku sayar da waya mai kyau, ku tsaya ku duba. Yawancin gem suna da wurin da za ka kunna ya nuna maka fing da yawan saƙonnin da suke ɓacewa a hanya. In fing ɗin yana sama amma a tsaye yake, nisa ne. In yana tsalle daga ƙasa zuwa sama ko saƙonni suna ɓacewa kai kaɗai, to duba naka ɓangaren, waifai ko wani yana sauke bidiyo a layin, in da hali ka haɗa da kebul kai tsaye. In kuwa lambobinka lafiya suke amma kowa a wasan yana kuka tare, ka ajiye kawai ka leƙa Downdetector, shafin da yake nuna ko sabobin kamfani sun tsaya, ko shafin kamfanin, kar ka shiga wasan ranki a ranar don makinka ne zai tafi. Kuma ku daina biyan kuɗin gem tun kafin ya fito, ko sayen kayan ado a makon farko, ku bari a ga ko sabar za ta tsaya da ƙafarta tukuna. In za ku kai ƙorafi ku ɗauki bidiyon abin da ya faru da lokaci da sunan yankin sabar, ku tura da yawa, ku kuma riƙa neman a kawo saba kusa da ku a duk inda kamfanin yake sauraro, don lissafin yawan jama'a suke bi kuma wanda bai yi magana ba baya shiga lissafin.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku daga ƙasar waje