Darasin da ba a zuwa nema a makarantar tuƙi

Duk wanda ya zo makarantarmu ta koyon tuƙi a nan Kano, abu uku ne a bakinsa: ribas, fakin da lasisi. Babu mai cewa a koya masa tsaya wa mai tsallaka titi, alhali a nan na fi ƙona mai. Motocinmu biyu ne, kowacce da birki na biyu a gefen malami, kuma wannan birkin ya fi shan aiki a bakin kasuwa da ƙofar makarantar firamare.

Da ɗalibi ya fara sakin jiki da sitiyari, sai in kai shi Titin Zariya lokacin tashin 'yan makaranta. Nakan ce masa ya manta da motar gabansa, ya duba gefen titi: yarinya da farantin talla a ka, makaho da ɗan jagora, tsohuwar da ta sa ƙafa ɗaya a kwalta tana jiran sarari. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Ko a hakan, mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki ka riga ka wuce tsawon motoci uku. Ham ba ya rage wannan tazarar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne motar da ta tsaya. Direba mai kirki ya ba yaro hanya, na bayansa bai ga dalilin tsayuwar ba, sai ya zaga ta gefe da gudu, ga yaron ya fito daga gaban motar farko. Don haka dokata ɗaya ce: in ka ga mota ko Adaidaita Sahu ta tsaya a inda aka ja farin zanen tsallakawa, kada ka wuce ta sai ka ga abin da ya tsayar da ita. Wanda bai riƙe wannan ba, ba na sa masa hannu ya je gwajin tuƙi wurin VIO, wato jami'an duba motoci, ko da zai yi fushi ya koma wata makarantar. Wasu sun koma ɗin.

Masu tafiya a ƙasa ma nasu laifin ba kaɗan ba ne. Ga gada an gina, mutum ya haura shingen tsakiyar titi da waya a kunne. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka hagu ake fara dubawa, sai dama, a sake duba hagu. Ni kam ina ƙara wa 'ya'yana cewa ko a titi mai hannu ɗaya su duba ɓangarorin biyu, saboda masu saɓa hannu. In direba ya ɗaga maka hannu ka wuce, layinsa kaɗai ya ba ka. Tsaya a gabansa ka leƙa layi na gaba tukuna.