Tsakuwa a gwangwani: yadda zaɓen turbo ya ci mini inji

Har yau in na ji yaro ya zuba tsakuwa a gwangwanin madara yana kaɗawa, sai gabana ya faɗi. Irin ƙarar da injin motata ya yi ta yi mini ke nan kusan mako uku, ni kuwa ina ƙara muryar rediyo don kada in ji ta.

Motar Honda Civic ce ƙirar 1998, 'yar Amurka, mai giyar hannu. Injinta D16Y8 ne, lita 1.6, mai VTEC, ƙarfin doki 127 ranar da ta baro kamfani. Shekara shida ina hawanta, ban da baƙin mai da fulogi da bel ba ta taɓa neman komai a wajena ba. Lafiya ce ta yi mini yawa. Kullum dare ina kallon bidiyon samarin Amurka suna tayar da ƙura da irin wannan ɗan injin, har na ƙudurce a raina cewa tawa ma sai ta yi shewar nan ta turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa wa injin ƙarin iska.

Da na tashi zaɓen kit, wato turbo haɗe da kayan ɗaura shi, abu biyu kawai na duba: hoto da lamba. A hoto, manifol mai ƙahonnin rago, wato bututun da ke kai hayaƙin inji zuwa turbo, yana sheƙi, bututai sumul, intakula mai sanyaya iskar turbo kamar ƙofar shago. A lamba kuwa an rubuta wai turbon zai iya kai ƙarfin doki 400. T3/T4 ne, irin wanda ba shi da sunan kamfani a jikinsa, kuma kayan gaba ɗaya ba su kai kuɗin turbo ɗaya tal na Garrett ba. Na yi ta murna na samu araha. Ban tsaya na tambayi kaina me zan yi da doki 400 a injin da masu harkar suka daɗe suna cewa kwanrod ɗinsa na kamfani, wato sandar da ke riƙe da fistin, ba ya jure abin da ya wuce 200 da 'yan kai ba. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma ba wanda ya tilasta ni.

Ɗaura kayan bai ba mu wahalar da za a tsaya ba da labari ba, in ban da abu ɗaya. Manifol mai ƙahon ragon nan ya ajiye turbon daidai inda kwampireson esi yake zaune. Ko turbo ko esi. A Kano. Na zaɓi turbo, kuma maiɗakina ba ta yafe mini wannan ba har yanzu.

Bakaniken da ya yi aikin dattijo ne, tun ina yaro yake gyaran motar mahaifina, shi ya sa nake kiransa Baba. Da ya zazzage kwalin ya gama jera kayan a kan buhu, sai ya ɗago kai ya ce, "Yarona, na ga abin hura iska. Ina abin ba shi mai?"

Na ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba na nuna masa. FMU ake ce masa, na 12:1. Aikinsa shi ne ya matse hanyar da fetur ke komawa tanki, ta yadda duk psi ɗaya (ma'aunin matsi ke nan) da turbo ya hura, matsin fetur zai ƙaru da psi 12. Na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar ni na ƙera shi. Baba ya juya shi a hannu, ya ce, "To birenbos ɗin fa, ya san an yi baƙo?" Na ce masa akwai wasu ƙananan bawul da ake sa wa a tiyon sensa domin birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, kada ya ga matsin iskar ya kunna fitilar inji. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ɓoye masa za mu yi." Na yi dariya. Ashe duk labarin nawa yana cikin wannan maganar.

Ga lissafin da ban yi ba a lokacin. Iskar da muke shaƙa tana da matsin kusan psi 14.7. In turbo ya hura psi 7, injin yana haɗiyar iska kusan ninki ɗaya da rabi na abin da aka gina shi a kai. Dole fetur ya ƙaru daidai da haka, dole kuma a ja lokacin tartsatsin fulogi baya, domin injin nan matsinsa 9.6:1 ne tun daga kamfani, ba a yi shi don a hura masa iska ba. FMU yana taɓa rabin farko ne kawai, shi ma da ka. A psi 7 yana neman ƙarin psi 84 a kan 40 da ɗoriya da ake da su, wato ya haura 120, daga tsohon famfon mai na 1998 da nozul masu cc 240. Batun tartsatsi kuwa ko kallonsa ba ya yi. Birenbos yana can yana ba da wuta kamar babu abin da ya canja, tunda mun rufe masa ido.

Na san da Hondata S300, ɗan allon lantarkin da ke ba da damar sake saita birenbos. Na san ana sauya birenbos zuwa P28 na Civic ɗin 1992 zuwa 1995 a sa masa shi, a tsara mai da wuta yadda ake so. Na ga kuɗinsa ya haura rabin abin da na biya wa kit ɗin gaba ɗaya, sai na ce bari in fara hawa tukuna, in an samu sarari a saya. Gejin da ke nuna yawan iska da fetur a hayaƙi, shi ma na ce sai gaba. Amma na samu kuɗin sayen bawul mai yin "fishhh" in an ɗaga ƙafa daga totur. Wannan kam ban ɗaga shi zuwa gaba ba.

A watan Disamba muka gama, tsakiyar hunturu. Abin da ya ruɗe ni ke nan. Iska mai sanyi ta rufa mini asiri, motar ta yi wata uku ba ta ce uffan ba. Sai dai ko a lokacin ba ta yi daɗin da na yi mafarki ba. Turbon ya fi ƙarfin injin. Hayaƙin lita 1.6 ba ya iya juya wannan ƙaton fanka sai allurar juyin inji ta wuce 4,500, alhali a cikin gari, daga danja zuwa danja, ba ka cika wuce 3,000 ba. A gosulon Kofar Nassarawa mai Adaidaita Sahu sai ya riga ni tashi, ga zafin manifol yana dukan ƙafata, ga babu esi. Sai an fita babban titi, a giya ta uku, sannan abin ya zo gaba ɗaya kamar an hankaɗa ka daga baya. Wannan daƙiƙa huɗu ko biyar ɗin ita na saya da duk kuɗina.

Da Maris ya yi nisa, zafi ya fara sauka, sai ƙarar ta bayyana. Ba mai ƙarfi ba ce. In na taka sosai, daidai lokacin da turbon ya kama, sai in ji "kar-kar-kar" siriri daga gaba, tsakuwa a gwangwani. Na ce garkuwar salansa ce ta saki. Na ce wata ƙusa ce. Na ce man da na sha ne a wancan gidan man, bari ya ƙare. Kowace rana da uzurin da nake ba ta. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne fetur yana fashewa da kansa a cikin silinda maimakon ya ci wuta a hankali, kuma kowace fashewa guduma ce a kan fistin. Iska mai zafi, mai bai isa ba, wuta ta zo da wuri, ga fetur ɗinmu iri ɗaya ne a famfo, ba kamar Amurka ba inda masu irin wannan aikin ke zaɓar mai oktan 93. Saitin da na kwafo daga bidiyo na man wata ƙasa ne da yanayin wata ƙasa.

Na ji ƙarar. Wannan ne yake ci mini rai. Da a ce ba gargaɗi abin ya zo, da na ce tsautsayi ne na haƙura. Mako uku injin yana roƙona.

A Afrilu ne, da rana tsaka, zafi ya haura digiri 40, ina kan hanyar Zariya na ɗan wuce Kura. Na fito zan wuce tirela, na sauke giya, na take. Tsakuwar ta zo da ƙarfin da ban taɓa ji ba, sai motar ta yi wata irin shaƙewa, ƙarfi ya zube. Na duba madubi, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya rufe titi. Allah ya taimake ni babu mota a gabana, na lallaɓa na koma hannuna na sauka gefe. Da na buɗe banat, sandar auna baƙin mai ta yi tsalle ta fito daga raminta, mai ya fesa ko'ina.

Washegari Baba ya auna matsin silinda. Uku suna nan lafiya, mai lamba uku kuwa allura da ƙyar ta motsa. Da aka buɗe, bangon da ke tsakanin ringi na farko da na biyu a jikin fistin ya karye, gutsuren ya karce silinda daga sama har ƙasa. Ya ɗora mini gutsuren a tafin hannu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Bai ce "na gaya maka" ba. Cewa ya yi, "Riƙe, kayanka ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Injin Beljiyam na saya a Kofar Ruwa. Kuɗinsa da na janwe da na aiki, in aka haɗa, ya ninka kuɗin S300 ɗin da na ce ya yi tsada. Kuma bayan duk wannan, sai da na sayi S300 ɗin.

Karo na biyu ta baya na fara. Kafin in ko kalli turbo, na sa an auna matsin sabon injin, silinda huɗu suka zo kusa da juna. Sannan birenbos P28 da wayar da ke haɗa shi da motar 1998, nozul masu cc 550, famfon mai Walbro 255, fulogi NGK masu lamba 7 da aka matse bakinsu zuwa milimita 0.7, da gejin iska da fetur da na liƙa a inda idona ba zai kauce masa ba. FMU ɗin na jefa shi a kwandon tarkacen gareji. Na samu wani mai saiti a ƙasar waje da ke aiki ta intanet: in hau mota in ɗauko bayanai da kwamfuta in tura masa, ya gyara ya dawo mini da shi. Mun yi haka ya kai sau goma. Abu na farko da ya tambaya shi ne wane irin fetur muke sha da kuma zafin garinmu, tambayar da mai sayar da kit ɗin bai taɓa yi mini ba, ni ma ban yi wa kaina ba. Ya ajiye haɗin a wajen kashi 11.5 zuwa 12 na iska ga kashi ɗaya na fetur in turbo ya kama, maimakon 14.7 na tafiyar yau da kullum, ya ja wuta baya fiye da yadda yake wa mutanensa. Na ce masa hakan ba zai rage ƙarfi ba? Ya ce zai rage. Na ce a bar shi haka.

Turbon kuwa ƙarami na nema, TD04 na Mitsubishi da aka ciro daga Subaru, tsoho amma na asali, sandarsa ba ta wasa. Mai walda ya yi masa mazauni a kan manifol na zubi, gajere, mummuna, wanda ba wanda zai ɗauki hotonsa. Amma ya bar wa kwampireso wurinsa, esi ya dawo, zaman lafiya ya dawo gida. Mun sa siririyar fanka a lagireto saboda wuri, mun huda kaskon baƙin mai sama da inda man ke tsayawa domin tiyon da ke dawo da mai daga turbo ya gangara ba lanƙwasa. Kulocin kamfani ya fara sulɓi a mako na biyu, aka sauya shi, wannan dama na san zai zo.

Psi 6 nake hawa yanzu, ƙasa da na da, amma motar ta fi ta da nesa ba kusa ba. Tun allura ba ta kai 3,000 ba turbon ya kama, a cikin gari ma kana jin sa. In ka tambaye ni doki nawa take bayarwa, ban taɓa aunawa ba, ni da na zaɓi kit saboda lamba 400. Fetur kam tana sha in ka matsa mata, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 ƙafata ta koyi ladabi da kanta.

Samari kan tare ni a wajen wankin mota su ce, "Yaya, wane kit za mu saya?" Nakan tambaye su nawa suka ware wa birenbos da nozul da geji da mai saiti. Yawanci sai su kalli juna. In kuɗinka na turbo da bututu ne kawai, ajiye su, ba ka shirya ba. Tambayi ko kit ɗin zai bar maka esi. Zaɓi turbon da zai kama a inda kake tuƙi kullum, ba a inda allura ke kusa da ja ba. Kuma in an gama maka aiki da hunturu, kada ka ce ka tsira sai motar ta ga Afrilu. Wani daga cikinsu ya nace sai na sayar masa da tsohon T3/T4 ɗina da ke ƙarƙashin benci a garejin Baba, har ya yi tayi mai kyau. Na buɗe aljihun mota na ɗauko gutsuren fistin na ɗora masa a hannu, na ba shi labarin tun daga Disamba. Ya saurara har ƙarshe, ya jinjina kai, sannan ya ce, "To Yaya, nawa ne gaskiyarsa?"

Ban sayar masa ba. Zafi ya kusa dawowa, kuma na riga na gaya wa yara cewa daga Maris zuwa faɗuwar damina ba a kunna rediyo a motata in mun hau babban titi.