Saitin ƙafar motar tsere da zamana a Jamus

Masu tambaya wai wane aiki nake yi a Jamus, to har yanzu dai bakanike ne ni, sai dai na tsaya a ɓangaren ƙafa, wato alaimen, kuma yawancin motocin da ke shigo mana gareji na masu zuwa zagaya Nürburgring ne. Filin tsere ne a tsaunukan Eifel, tun 1927 aka buɗe shi, babban zagayen da suke kira Nordschleife ya kai kilomita 20.8, ga hawa ga gangara ga kwana iri iri, kuma akwai ranakun da kowa zai iya sayen tikiti ya shiga da motarsa in dai tana da cikakkun takardu.

Farkon zuwana gaskiya na sha kaɗaici, Jamusanci bai zauna a bakina ba, in an tashi aiki kowa ya kama gabansa babu wani tsayawa hira, ranar Lahadi kuma gari tsit shaguna a rufe. A kan injin alaimen na fara samun abokan magana, don lambobin da ke kan allon kwamfuta ni da su duk abu ɗaya muke karantawa.

Abin da na sani a da shi ne taya ta tsaya cak, ta ci daidai, sitiyari kar ya ja gefe, shikenan. Nan kuwa sai mutum ya kawo BMW ko Porsche ya ce shi a karkata masa tayoyin gaba, saman taya ya kwanta ciki wajen bodi, abin da ake kira kamba mai maines. Dalilin kuwa in ka shiga kwana da gudu nauyin mota kan koma tayar waje, bodi ya kwanta, robar ta lanƙwashe, sai ya zama kafaɗar waje kawai ke taka kwalta. To in ka riga ka karkata ta ciki, a tsakiyar kwanar sai ta zauna da faɗinta gaba ɗaya ta riƙe ƙasa. Motar hanya ba ta cika wuce digiri 1 ba, ta fili kuwa muna kai gaba digiri 2 zuwa 3, wani lokacin har da ɗoriya, ya danganta da taya da irin ƙafar. Masu ƙafar MacPherson, wato wadda shokozoba ne da kansa ke riƙe saman ƙafar, sun fi buƙata don kambarsu na gudu in bodi ya kwanta, shi yasa ake ɗaura musu faranti mai saiti a saman shokozoba, irin su Mazda MX-5 masu hannu biyu sama da ƙasa kuwa ba sa neman da yawa haka. Kuma ba wai a yi ta ƙarawa ba ne, in ya yi yawa birki zai ragu a miƙaƙƙiyar hanya tunda gefen ciki kawai ke taka ƙasa.

Maigidanmu, Maista ne mai takarda, wato ƙwararren da ya ci jarrabawar ubangidan sana'a, shi ya zaunar da ni kan tsarin aikin kuma wallahi ina jin daɗin yadda yake yi. Kafin a taɓa noti ko ɗaya sai an daidaita iskar taya, an duba man da ke tanki, an jera buhunan nauyi a kujerar direba daidai nauyin mai motar. Tsayin mota da farko, sai kasta, wato kwanciyar ƙafar gaba zuwa baya in ka kalle ta daga gefe, sai kamba, buɗewa da tsukewar bakin taya a ƙarshe, saboda duk sanda ka taɓa kamba sai wancan ya motsa. Mutane na ɗora wa kamba laifin cin taya alhali bakin taya da bai saitu ba ya fi cinye ta, jan ta yake a ƙasa. Gaba mukan bar shi a sifili ko ya ɗan buɗe waje kaɗan don mota ta karɓi kwana da wuri, baya kuwa sai ya ɗan tsuke ciki in ba haka ba gindin mota zai riƙa neman wuce gaba.

Wanda ya fi burge ni shi ne aunin zafi. Mota na fitowa daga fili za ka ganni a durƙushe da abin auna zafi mai allura, in soka a gefen ciki, tsakiya, da gefen waje, da sauri kafin ta huce, robar har manne wa yatsa take. In ciki ya ɗan fi waje zafi kaɗan to saiti ya yi, in waje ne ya fi a ƙara kamba, in tsakiya ce ta fi to iska ta yi yawa. A nan direbobi suka fara sanin sunana, wani dattijo in ya zo ma ni yake nema in duba masa.

Sai batun takarda, nan ba a wasa da shi. Mota na zuwa binciken lafiya duk shekara 2, wanda kowa ke kira TÜV, in ka canza shokozoba ko ka sauke mota ƙasa dole kayan su zo da takardar amincewa, wasu ma sai an shigar da su cikin takardun motar. Duk saitin da muka yi sai an buga shi a takarda, na kafin da na bayan, a ba mai mota kwafinsa.

Ɗan uwa in kai bakanike ne kana shirin zuwa, ka taho da duk shaidar koyon aikinka, ana kai ta Handwerkskammer, wato hukumar masu sana'ar hannu, su auna ta da tasu, koyon aikin mota a nan shekara 3 da rabi ne, kuma buɗe garejin kanka yawanci sai da takardar Maista ko ka ɗauki mai ita. Da sanyi ya shigo fili yakan rufe aiki ya lafa, lokacin nake zuwa ajin Jamusanci da yamma, don jarrabawar Maistan da Jamusanci ake rubuta ta kuma ita na sa a gaba in sha Allah.