Kwana shida a kan faifai huɗu

Shagona ƙarami ne, ni da yara biyu. Muna haɗa wa 'yan kasuwa da ƙananan makarantu kwamfutoci da sabar (wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ofis) a Kano, mu kuma kula da su. Aikin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da ake rage zafi da shi ya faɗi.

Ana cikin haka wani Alhaji dillalin atamfa a Kantin Kwari ya kira ni, murya a sanyaye. "Injiniya, na'urar ofis ta ƙi tashi, kuma duk bashin da nake bin jama'a yana cikinta."

Sabar tasa faifan ajiyar bayanai huɗu gare ta, kowanne terabait 2, a tsarin RAID 5. Wato ana rarraba bayanai a kan dukkansu, tare da wani lissafi da zai cike gurbin faifai ɗaya idan ya mutu. Ɗaya tak. Da na duba, ashe guda ya mutu tun watanni, fitilarsa tana ta ƙiftawa, ba wanda ya kula tunda aiki bai tsaya ba. Sai ga tashi da mutuwar janareta, batirin UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ya daɗe da gajiya, ga zafin ɗaki. Na biyu ya fara sarewa. Faifan da ake kwafe bayanai a kai kuwa, rabonsa da sabon kwafi tun kafin azumi.

Yaron ofis ya ce a sa sabon faifai na'ura ta sake gina kanta. Na ce, "Alhaji, don Allah kada kowa ya ƙara kunna ta." Sake ginin yana tilasta wa faifan da ke jinya karanta kansa kakaf na tsawon sa'o'i, kuma a nan ne galibi yake cikawa. Na rubuta wa kowanne lambar raminsa kafin in zare shi, na tafi da su shago.

Ba ma taɓa yin gyara a kan faifan asali. Kwafinsa muke ɗauka sukutum, da wata manhajar Linux mai suna ddrescue. Tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta tsallake masu ciwo, sai daga baya ta dawo tana lallaɓa su. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne tana rubuta inda ta tsaya, a wancan makon kuwa wannan ya fi mana komai. Litar fetur ta haura naira 1,000, sola da inbatar shago ba sa kai mu asuba. Muka kashe firji da fitilu, muka juya wa faifan 'yar fankar da muke da ita, mu muna fifita da kwali. Idan batir ya kusa ƙarewa in tsayar da aikin da hannuna, rana na fitowa mu ɗora daga inda aka kwana. Kwana huɗu faifan nan mara lafiya ya ci.

Wurin haɗawa akwai tarko. Faifan da ya fara mutuwa tsohon labari ke cikinsa. Idan ya shiga haɗin, zai gauraya tsohon lissafi da sabo, fayil ya buɗe amma alƙaluman ƙarya ne. Na ajiye shi gefe, na haɗa kwafin sauran ukun da wata manhajar mai suna mdadm, a yanayin karatu kawai.

Ranar ta shida manhajar lissafin ta buɗe. Wasu hotunan rasit sun tafi, na kuma faɗa masa hakan tun kafin ya tambaya. Alhaji ya zauna a kujerata ya ce in nemo masa wani abokin cinikinsa na Maraɗi. Sunan ya fito da ranar ɗaukar kaya da abin da ya rage. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhamdulillahi, haka yake."

Yanzu duk Alhamis ana kwafe bayanansa a faifan da ke kwana a gidansa, ni kuma farkon kowane wata nakan je in buɗe kwafin da kaina, in duba fitilun nan huɗu.