Jan ɗigon bayan kwamfutata: inda na kai a mako na uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Wancan karon na tsaya ne a inda na ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan ThinkPad ɗin da na saya ta hannu a titin Emir Yahaya. Wannan makon kuwa ɗan jan ɗigon nan da ke saman harafin i a bayan murfinta na saka a gaba. Ni da na ɗauka ado ne kawai, sai yadda masu ƙera ta suka so. Ashe Linux ta ajiye shi a matsayin fayil.

Ku buɗe tagar umarni ku leƙa /sys/class/leds. A tawa na tarar da tpacpi::power na maɓallin kunnawa, da tpacpi::kbd_backlight na hasken madannai, da input3::capslock, sai wanda nake nema, tpacpi::lid_logo_dot. Wannan tpacpi daga direban thinkpad_acpi, manhajar da ke haɗa Linux da kayan ThinkPad, ya fito, don haka mai HP ko Dell zai ga wasu sunaye daban, kada ya ce na yi masa ƙarya. A cikin kowace folda akwai brightness da max_brightness da trigger. Ɗigon 0 da 1 kawai ya sani. Hasken madannai yana kaiwa 2.

Nan na sha wuya. Na rubuta sudo echo 0 > brightness, ta ce Permission denied. Na sake, na ƙara, har na fara zargin mai shagon ya sayar mini da mai aljanu. Laifin nawa ne: sudo, umarnin da ke ba da izinin shugaba, echo kaɗai ya ba izini, ita kuwa alamar > tagar ce ke aiwatar da ita, da ƙaramin matsayina. Abin da ya yi aiki shi ne echo 0 | sudo tee brightness. Na zagaya bayan murfin na ga ɗigon ya mutu. Na saka 1, ya dawo. Wallahi sai da na yi hakan ya fi sau goma kamar yaro da makunnin fitila.

Daɗin abin yana cikin trigger. Idan ka karanta fayil ɗin za ka ga jerin abubuwan da fitilar za ta iya bi. Da na rubuta timer a ciki, sai sababbin fayiloli biyu suka ɓullo, delay_on da delay_off, ana ba su lokaci da milisakan. Na ba kowanne 200, ɗigon ya kama ƙyaftawa. Inna tana zaune bakin ƙofa tana tsince shinkafa, bayan kwamfutar na fuskantar ta, ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka yi? Abin ga bai ƙonewa?" Na ce, "A'a Inna, ni na sa shi." Ba ta yarda ba, sai da ta ja tabarmarta gefe.

Ku lura da tarko ɗaya: muddin ka rubuta 0 a brightness, trigger ɗin ma ya tafi. Rabin awa na yi ina neman delay_on bayan ni na kore shi da hannuna.

Daga baya wasan ya zama amfani. Soket ɗin ɗakina yana wasa, kuma da zafin nan na Afrilu a Mabera tsakar gida muke kwana, na bar kwamfutar tana sauke darussa da datar dare. Sau biyu ina tashi da asuba na tarar ta mutu. A jerin trigger na ga AC-online, mai bin shigowar wutar caja, na saka shi, na juya bayanta ya kalli ƙofa. Yanzu daga shimfiɗata, in ɗigon na ci, caja na ci. In ya ɗauke, sai in tashi in taɓa soket. Sharaɗin dai murfin ya zauna a buɗe. Da ka rufe ta yi barci, Linux ta saki linzami, ƙaramin guntun da ke cikin injin ya karɓe ɗigon ya koma lumshewarsa ta asali. Ana iya hana ta barcin, amma ni ba zan rufe kwamfuta tana aiki cikin wannan zafi ba.

Fitilun batir kuwa da gangan direban ya ɓoye su, don kada ka sa su yi maka ƙarya alhali batir na cikin matsala. Na bar su. Masu Windows 11 ku duba Dynamic Lighting a saitunanku, sai dai na'urorin da suka dace da tsarin kaɗai yake gani.

Abin da ya rage mini: duk abin da ka rubuta a /sys yana gogewa idan ka kashe ka kunna. Na fara rubuta ɗan fayil na systemd, mai tayar da ayyuka idan an kunna kwamfuta, da zai mayar da AC-online da kansa, amma jiya da na gwada bai tashi ba. Ina zargin ya riga direban farkawa ne. Wanda ya taɓa haɗa irinsa ya taimaka mini kafin Asabar.