Sirrin mutane a cikin kwamfutar lauya

Aikina a ofishin lauyoyi shi ne kula da fayiloli, kuma yanzu kusan dukkansu a kwamfuta suke zaune. Rubuta yarjejeniya, lissafin awannin da aka yi wa kowane mutum aiki, ranar zaman kotu, wa'adin shigar da takarda, duk manhaja ce ke riƙe da su. Bincike ma ya daɗe da sauyawa, domin Lexis, manhajar binciken dokoki da hukunce-hukuncen kotu, ta fara aiki a Amurka tun 1973, takwararta Westlaw ta biyo baya a 1975. Hukuncin da a da sai ƙaramin lauya ya wuni yana buɗe kundaye kafin ya gano shi, yau kalmomi kaɗan zai rubuta ya fito masa. Sauƙi ne na gaske, ba na raina shi.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne sirri. Mutum yakan zauna gaban lauya ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa ɗan'uwansa ba: bashin da ke kansa, rikicin gado, laifin da ake tuhumarsa da shi. A da maganar tana cikin fayil guda, a durowa mai makulli. Yanzu tana imel, tana wayar Barista, tana rumbun ajiya na intanet. A 2016 takardu miliyan 11.5 suka fita daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca da ke Panama, zuwa 2018 ofishin ya rufe. Masu kutse sun san cewa ofishin lauya ɗaya yana riƙe da asirin mutane da kamfanoni masu yawa, shi ya sa suke sa masa ido.

Amma ba kullum ɓarawo ke shigowa ba, sau da yawa hannun mutum ne ke buɗe ƙofar. Kafin a miƙa wasu takardu sai an rufe sunaye da bayanan da bai kamata a gani ba. Wanda bai san kan abin ba sai ya ja baƙin layi a kan rubutun cikin PDF, ya ga ya rufu, hankalinsa ya kwanta. Alhali rubutun yana nan kwance a ƙarƙashi. Duk wanda ya kwafi wurin ya liƙa a sabon shafi zai karanta shi tas. Haka ta faru da lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump, a Janairun 2019, 'yan jarida suka karanta abin da aka so ɓoyewa. Ni dai takarda ba ta fita daga hannuna sai na kwafe ta gaba ɗaya na zuba a farin shafi, na bi ta layi-layi. Haka nake yi wa fayil ɗin Word, domin yakan tafi da tarihin gyare-gyare da sharhin gefe. Ka yi tunanin ɗaya ɓangaren ya buɗe daftarin sulhu ya tarar da inda aka rubuta iyakar kuɗin da wanda muke karewa zai iya amincewa da shi.

Sai kuma ƙirƙirarriyar basira da matasan lauyoyi ke rububi. A Yunin 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar lauyoyi dala 5,000 a ƙarar da aka kai kamfanin jirgin sama na Avianca, saboda sun kafa hujja da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda babu su sam. Ba na cikin masu cewa a guje ta, tana taimakawa wajen taƙaita dogon kundi. Sai dai duk ƙaramin lauyan da ya kawo mini daftari, tambaya biyu nake masa: kowace shari'a da ka ambata, ka buɗe ainihin hukuncin ka karanta? Kuma me ka zuba wa manhajar daga fayil ɗin mai ƙara kafin ta ba ka amsa? Ta biyun ce suka fi jinkirin amsawa.