Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar Gubar Dalma

A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni ɗakin yara na wani asibiti a yammacin Zamfara, a farkon shekarar 2010. A makarantar koyon aikin jinya an koya mana allura da ƙarin ruwa da wankin ciwo, amma babu wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda za mu yi idan marasa lafiya suka fi ƙarfin gadaje da ma'aikata, kuma asibitin kansa ba shi da wani rubutaccen shiri na ko-ta-kwana.

Da bazara ta kama, sai iyaye mata suka riƙa shigowa da ƙananan yara suna amai da jijjiga, wasu idanunsu a kafe. Da yake lokacin sanƙarau ne, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ba ya rabuwa da mu, a kan waɗannan ake ba da magani, amma shiru babu sauƙi. Babbar sistarmu, Allah Ya saka mata da alheri, ita ce ta buɗe rajista tana bin sunayen ƙauyuka da ɗan yatsa, har ta lura cewa daga wurare ƙalilan yaran suke fitowa. Ta durƙusa kusa da wata uwa ta ce, "Baiwar Allah, wace sana'a maigidanki yake yi?" Matar ta ce, "Sista, dutsen zinare yake kawowa, mu ke daka shi a turmi a tsakar gida."

Zargi kawai muke iya yi, domin ba mu da na'urar gano guba a cikin jini. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta aika da jinin yara ƙasar waje, aka tabbatar da cewa gubar dalma ce, wadda ke cikin ƙurar dutsen da ake niƙawa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu.

A cikin wannan tashin hankali na koyi tantance marasa lafiya tun daga bakin ƙofa. Yaron da ke jijjiga shi ake fara ɗauka ko da shi ne ya zo ƙarshe, kuma dole nas ta iya yi wa uwar da ta kwana a layi bayanin dalili ba tare da ta ɓata mata rai ba. A ganina, wannan ƙwarewa a zaman lafiya ya kamata a koyar da ita, a riƙa maimaita atisaye, maimakon a bar mutum ya tsince ta a tsakiyar annoba.

Sallamar yaran daga asibiti ce ta fi damunmu. Maganin da ke fitar da dalma daga jiki ba ya amfani idan yaro zai koma ya yi rarrafe a kan gurɓatacciyar ƙasa, saboda haka sai an kwashe ƙasar gidajen an zuba sabuwa. Mutanen Bagega, wani ƙauyen da gubar ta shafa, sun jira wannan aiki har 2013, kuma a kan yaransu zan ɗora a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.